Kafin Ka Bar WhatsApp Ka Koma Signal ko Telegram

A watan Janairun 2021 WhatsApp ta aika wa masu amfani da ita sanarwa cewa duk wanda bai amince da sabbin sharuɗɗanta ba kafin 8 ga Fabrairu zai rasa damar amfani da manhajar. Cikin 'yan kwanaki jama'a suka yi ta tururuwa zuwa wasu manhajojin. Telegram ta ce ta samu sabbin mutane miliyan 25 cikin awa 72, Signal kuwa cunkoso ya yi mata yawa har ta tsaya cak a tsakiyar watan. WhatsApp ta ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu, daga baya ma ta fasa hukunta waɗanda suka ƙi amincewa. A shekarar 2025 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya bayyana cewa masu amfani da WhatsApp sun haura biliyan 3 a kowane wata. A wayoyi da dama kuwa Signal ɗin da aka sauke a wancan lokacin ta zauna shiru ba mai aiko da saƙo, har ranar da wuri ya yi ƙaranci aka goge ta.

Damuwar da ta kori mutanen tana da tushe. Tun watan Agustan 2016 WhatsApp ta fara miƙa wa Facebook lambobin wayar masu amfani da ita, shekara biyu bayan Facebook ya saye ta a kan kusan dala biliyan 19. A 2017 Tarayyar Turai ta ci Facebook tarar yuro miliyan 110 saboda bayanan da ya bayar lokacin cinikin ba daidai ba ne. A 2021 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci WhatsApp tarar yuro miliyan 225. A Najeriya ma, a watan Yulin 2024 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken wata 38 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, kuma kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Don haka wanda ya ce hankalinsa bai kwanta da Meta ba yana da hujja.

Inda ake tafka kuskure shi ne a ɗauka cewa sauya manhaja shi kaɗai ne maganin. Tambayar da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa ita ce: wa nake gudun ya ga saƙona? Akwai wanda zai iya ɗaukar wayarka da hannunsa, kamar mutumin gida, mai caji, mai gyara ko ɓarawo. Akwai ɗan damfara da ke son ƙwace lambarka ya roƙi kuɗi da sunanka. Akwai kamfanin da ke tara bayananka don talla. Akwai kuma hukuma ko masu kayan leƙen asiri. Sauya manhaja yana maganin na uku, yana rage na huɗu, amma na farko da na biyu suna biyo ka duk inda ka koma, kuma su ne suka fi yi wa talakan mai waya ɓarna.

Abin da WhatsApp ke gani da wanda ba ta gani

Tun Afrilun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake barin wayarka, kuma wayar wanda ka aika wa ce kawai ke da makullin buɗe shi. Wannan ya shafi rubutu, saƙon murya, hoto, bidiyo, kira da hirar zaure. Tsarin kullen ma na Signal ne WhatsApp ta ara. Saboda haka jita-jitar cewa ma'aikatan Facebook na zaune suna karanta hirarka da matarka ba ta da tushe a yadda aka gina manhajar.

Abin da kamfanin ke gani shi ne duk abin da ke kewaye da saƙon. Ka ɗauki misalin kwalin da aka ɗaure aka ba direba a tasha: bai san abin da ke ciki ba, amma ya san wanda ya kawo, ya san lambar da aka rubuta a jiki, ya san garin da za a kai, ya kuma san sau nawa kake aikowa a wata. WhatsApp ta san lambarka, lambobin da ke cikin wayarka idan ka ba ta izini, irin wayar, kamfanin layinka, adireshin intanet da kake haɗuwa da shi wanda ke nuna yankin da kake, lokutan da kake buɗe manhajar, zaurukan da kake ciki da sunayensu da hotunansu. A ƙarshen 2021 wata takardar cikin gida ta hukumar FBI ta Amurka ta fito fili, inda ta nuna cewa idan akwai umarnin kotu WhatsApp na iya miƙa bayanin wa ya aika wa wa saƙo duk bayan minti 15. Ga ɗan jarida da majiyarsa, ko lauya da wanda yake karewa, sanin cewa sun yi magana da ƙarfe biyun dare ya isa ya tona asiri ko da ba a ji kalma ɗaya ba.

Akwai kuma ƙofofi huɗu da saƙo ke fita daga cikin kullen. Ta farko ita ce ajiyar hira a Google Drive ko iCloud, wadda ba ta da irin wannan kullen sai idan kai da kanka ka kunna shi. Ta biyu, idan wanda kuke hira ya kai ƙararka ta maɓallin rahoto, saƙonninka biyar na ƙarshe suna tafiya wurin kamfanin. Ta uku, hira da manyan kamfanoni da ke amfani da kwamfutocin Meta wajen karɓar saƙon abokan ciniki, wanda shi ne ainihin abin da sauyin 2021 ya shafa. Ta huɗu, duk abin da ka rubuta wa Meta AI, mai amsa tambayoyin nan da aka sa a cikin WhatsApp, don shi kamfanin ne kake yi wa magana kai tsaye.

Telegram ba ta fi sirri ba

Wannan shi ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya, domin ruɗanin ya yi yawa. Hirar yau da kullum a Telegram ba ta da kullen da ya hana kamfanin buɗe ta. Ana ɓoye ta a hanya tsakanin wayarka da kwamfutocin Telegram, a ajiye ta can, kuma makullin yana hannun kamfanin. Shi ya sa idan ka shiga asusunka a sabuwar waya kake tarar da hirarka ta shekara biyar tana jiran ka. Wannan daɗin da ake yabo shi ne shaidar cewa hirar ba a wayarka kaɗai take ba.

Telegram tana da hira mai cikakken kulle, ita ce ake kira Secret Chat, amma sai ka shiga shafin mutum ka buɗe ta da kanka, tsakanin mutum biyu kawai take aiki, kuma a wayar da aka fara ta take zama, ba ta bin ka zuwa wata na'urar. Zaure da tasha ba su da ita kwata-kwata, ko zauren na mutum uku ne ko na mutum 200,000. Bayan an kama mai kamfanin, Pavel Durov, a Faransa a watan Agustan 2024, Telegram ta sauya sharuɗɗanta a Satumba ta ce za ta miƙa lambar waya da adireshin intanet ga hukumomi idan suka kawo buƙata bisa doka.

Ga wani haɗarin da ba a cika faɗa ba. Idan wani ya ƙwace layinka ya shiga WhatsApp ɗinka, zai ga zaurukanka da sabbin saƙonni, amma tsohuwar hira ba ta zuwa masa sai in ya samu ajiyarka. Idan Telegram ce kuma ba ka sa mata kalmar sirri ta biyu ba, lambar da aka turo ta tes kawai yake buƙata, duk tarihin hirarka ya sauko masa. Telegram tana da amfani sosai wajen yaɗa karatu, ajiye manyan fayiloli har gigabait 2, da tara dubban mutane a wuri ɗaya. A yi amfani da ita a kan haka, kamar dandalin jama'a. Wanda ya bar WhatsApp ya koma hirar Telegram ta yau da kullum don neman sirri, baya ya ci.

Signal ita ce ta cika abin da ake nema. Gidauniya ce ke tafiyar da ita, ba ta talla, kuma Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri WhatsApp, shi ne ya zuba dala miliyan 50 aka kafa gidauniyar a 2018 bayan ya bar Facebook. Komai a cikinta a kulle yake tun daga farko, har sunayen zauruka da jerin waɗanda ke ciki. Lokacin da wata kotu a jihar Virginia ta nemi bayanan wasu masu amfani da ita a 2016, abin da aka samu a hannunta biyu ne: ranar da aka buɗe asusu da ranar ƙarshe da ya haɗu da kwamfutocin Signal. Tun 2024 kuma mutum na iya ƙirƙirar sunan laƙabi mai lambobi aƙalla biyu a ƙarshe, ya ba wani su yi hira ba tare da ya ga lambar wayarsa ba. Rajista dai har yanzu sai da lambar waya, kuma a Najeriya tun Disambar 2020 aka fara ɗaure kowane layi da lambar NIN, don haka kada wani ya ɗauka Signal ta mai da shi marar suna.

Dalilan da ke sa ƙaura ta watse

Babban dalili shi ne mutane. Zauren dangi, na tsofaffin ɗalibai, na masallaci, na iyayen yara a makaranta, na 'yan adashi, na wurin aiki, duk suna wuri ɗaya. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta da ke ɗora kaya a sitatus kullum safe, abokan cinikinta can suke. Dattijon da bai iya karatun boko ba amma ya san koren maɓallin da ake dannawa a yi magana, an sha wahala kafin ya saba da shi, sauya masa wuri ba ƙaramin aiki ba ne. Manhajojin kuma ba sa magana da juna: mai Signal ba zai aika wa mai WhatsApp saƙo ba, saɓanin tes ko imel da ke tsallaka kamfanoni. Tarayyar Turai ta yi doka da ta tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajojin tun Maris ɗin 2024, amma dokar ta masu lambobin Turai ce, kuma Signal ta ce ba za ta shiga ba don kada ta sassauta matakin sirrinta.

Na biyu, tsohuwar hira ba ta ƙaura. Signal ba ta karɓar hira daga WhatsApp ko kaɗan. Abin da WhatsApp ke bari shi ne fitar da hira ɗaya bayan ɗaya a matsayin fayil na rubutu, saƙonni 40,000 na baya-bayan nan idan babu hotuna, ko 10,000 idan da su. Wannan fayil ɗin a buɗe yake, duk wanda ya same shi zai karanta, don haka tura shi zuwa imel ko barin sa a cikin waya yana buɗe abin da a da yake kulle. Telegram tana karɓar irin wannan fayil tun Janairun 2021, ta jera saƙonnin da ranakunsu na asali. Sai dai ka lura da abin da ka aikata idan ka yi haka: ka kwashi hirar da kamfani ba ya iya gani, har da maganganun abokin hirarka da bai ba ka izini ba, ka ɗora a kwamfutocin wani kamfanin da ke riƙe da makulli. Ban ga dalilin da zai sa a yi wa hirar iyali haka ba.

Na uku, kuɗin data. Kamfanonin layi suna sayar da ƙananan tsare-tsare masu araha na kafofin sada zumunta, waɗanda galibi WhatsApp da Facebook da Instagram suke ɗauka. Wanda da irin wannan yake rayuwa, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025, idan ka ce ya koma Signal ka ce ne ya sayi cikakkiyar data. A duba jerin manhajojin da tsarin ya ƙunsa kafin a ɗora wa mutum laifin ƙin amsa saƙo.

Na huɗu, wayar kanta. Wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da tsarin tattalin batir mai tsanani da ke kashe manhajar da ba a cika buɗewa ba. Sakamakon shi ne saƙon Signal ba ya ƙara sai an buɗe ta, kira kuma ya wuce ba a ji ba. Mutum ya yi kwana biyu yana rasa saƙo sai ya ce manhajar ba ta da kyau. Gyaran minti biyu ne: a shiga bayanin manhajar a cikin saitin waya, a cire mata takunkumin batir, a bar ta ta yi amfani da data ko ba a buɗe take ba, sannan a kunna mata izinin tashi da kanta a sashen da ke kula da hakan, wanda a yawancin waɗannan wayoyin yana cikin Phone Master.

'Yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou su tuna cewa WhatsApp da Signal da Telegram duk a toshe suke a China, WeChat ce ke aiki, ita kuwa ba ta da kullen da ya hana kamfani gani. A Dubai saƙon WhatsApp yana tafiya amma kiranta a toshe yake. A tambayi 'yan uwan da ke waje abin da ke aiki a inda suke kafin a tsayar da shawara.

Fara gyara wadda ke hannunka

Tunda da wuya ka rabu da WhatsApp gaba ɗaya, aikin farko shi ne toshe ramukanta. Ka shiga saitin, sashen Account, ka kunna Two-step verification, ka sa lambobi shida da ba shekarar haihuwarka ba ce kuma ba ƙarshen lambar wayarka ba, ka haɗa da imel da kake iya buɗewa. Wannan shi ne ke tsayar da damfarar da ta fi yawa: wani ya kira ka ya ce shi ɗan zaurenku ne, za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lambar da aka turo maka. Lambar rajistar asusunka ce. Idan ka ba shi kuma ba ka da wancan matakin, zai shiga ya sa nasa. Idan hakan ta faru, ka sake rajista da layinka nan take. Da zarar ka shigar da sabuwar lambar tes an fitar da shi, amma idan ya riga ya sa nasa lambobin shida za ka jira kwana 7 kafin ka shiga. A cikin kwanakin nan ka kira 'yan uwa ka gaya musu kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.

Wani salon shi ne a ce ka danna wasu lambobi masu farawa da tauraro, alhali umarni ne na karkatar da kiranka zuwa wayar ɗan damfara, shi kuma ya nemi a karanto masa lambar rajista ta kira. Danna *#21# yana nuna ko an karkatar da kiranka, ##002# kuma yana soke duk wani karkatarwa.

Sai ajiya. A sashen Chats, cikin Chat backup, akwai zaɓin kulle ajiyar, wanda aka kawo a Oktoban 2021. Za ka zaɓi kalmar sirri ko makulli mai alamomi 64. Ka rubuta a takarda ka adana, domin idan ka rasa waya kuma ka manta kalmar, WhatsApp ba ta da hanyar buɗe maka. Ka sani kuma tun farkon 2024 ajiyar tana cin wuri daga gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, idan ya cika sai ajiya ta daina tafiya ba tare da mutum ya ankara ba. Cire bidiyo daga ajiyar yana rage nauyin sosai.

Ka duba Linked devices. WhatsApp tana barin a haɗa na'urori har huɗu da asusu ɗaya, kuma wanda ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya zai iya haɗa tasa, ya riƙa ganin duk saƙon da ke shiga da fita. Duk na'urar da ba ka gane ba ka fitar da ita. A sashen Privacy, ka mai da hotonka da lokacin da aka gan ka na ƙarshe ga waɗanda ke cikin lambobinka kawai, haka ma izinin jefa ka a zaure. A zaure na yau da kullum, wanda ke ɗaukar mutum har 1,024, kowa yana ganin lambar kowa, kuma daga nan ne baƙin lambobi ke samun mata da 'yan mata suna damun su. A can ƙasan sashen akwai zaɓin ɓoye adireshin intanet lokacin kira, yana ɗan rage kyawun murya amma yana hana wanda ya kira ka gano yankin da kake. Tun Afrilun 2025 akwai kuma Advanced chat privacy da ake kunnawa a kan hira ɗaya ko zaure ɗaya, yana hana fitar da hirar zuwa fayil da saukar hotuna kai tsaye cikin waya, amma ba ya hana ɗaukar hoton allo.

Abu biyu da suka shafi wayar: ka hana saƙon tes nunawa a allon da yake kulle, domin wayar da aka bari wurin mai caji tana iya nuna lambar rajista ga duk wanda ke tsaye. Ka kuma sa wa layin kansa lambar sirri, don idan an sace waya aka zare shi aka sa a wata, ba zai yi aiki ba. Hotuna da saƙonnin murya na WhatsApp a wayar Android suna zaune ne a wata jaka da ake iya buɗewa idan an jona waya da kwamfuta, abin lura ga mai ba da wayarsa a buɗe a tura masa fim ko karatu. Signal tana riƙe nata a cikin ma'ajiyarta da ke kulle.

GBWhatsApp da 'yan uwanta kuwa a rabu da su. Ba kamfanin ne ya yi su ba, ba a san wanda ke riƙe da su ba, ana karɓar su ta Xender daga hannu zuwa hannu ba tare da sanin abin da aka cusa a ciki ba. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano ƙwayar cutar Triada a cikin FMWhatsApp. Mutum ɗaya mai irin wannan manhaja a zaure ya isa ya lalata sirrin kowa, don saƙon da aka goge da hoton gani sau ɗaya duk suna iya zama a wayarsa.

Yadda ake ƙaurar da ke ɗorewa

Kada ka yi shelar cewa ka bar WhatsApp. Ka zaɓi mutum uku zuwa goma da maganarku ta fi buƙatar rufi: miji da mata, abokan kasuwanci da ke tura takardun banki, likita da abokan aikinsa, ɗan jarida da majiyarsa, kwamitin da ke tattauna rikici. Ku sauke Signal daga Play Store ko App Store, zai fi kyau kuna wuri ɗaya, a gyara wa kowa saitin batir a lokacin. Kowa ya sa lambar sirrinsa ta Signal ya kunna Registration lock, wanda ke hana wani yin rajista da layinsa ko da ya yi masa welkom bak a ɓoye. A sashen lambar waya, a zaɓi wanda zai iya ganin ta da wanda zai iya nemo ka da ita. A sa wa zauren wa'adin gogewar saƙo, mako ɗaya ko huɗu. Ga hirar da ta fi nauyi, ku buɗe lambar aminci mai lambobi 60 da ke tsakanin ku biyu, ɗaya ya haska alamar da ke wayar ɗaya da kyamarar cikin Signal don a tabbatar lambar ta yi daidai. Idan daga baya manhajar ta ce lambar ta sauya, a kira mutumin a ji ko ya sauya waya kafin a ci gaba.

Sannan a yanke hukunci ɗaya a tsaya a kai: wannan maganar a nan kawai ake yin ta. A rufe tsohon zauren WhatsApp na wannan rukunin, a mai da shi shugabanni kaɗai ke rubutu, a bar saƙo ɗaya da ke nuna inda aka koma, bayan mako biyu a cire kowa a goge shi. Idan aka bar zaure biyu a buɗe, wanda aka saba da shi ne zai ci gaba da rayuwa.

A gaya wa kowa tun farko cewa Signal ba ta ajiye hira a wurinta sai an nema. Lambar sirrin tana dawo da suna da jerin abokai, ba ta dawo da saƙo. Idan za a sauya waya, a riƙe tsohuwar a hannu a tura kai tsaye zuwa sabuwar kafin a sayar ko a goge. A Android ana iya yin ajiya a cikin waya da makulli mai lambobi 30, kuma tun Satumbar 2025 an fara kawo ajiya ta intanet mai makulli na alamomi 64, wadda sai mutum ya kunna da kansa. Wanda aka sace wa waya bai yi ko ɗaya ba, hirarsa ta tafi.

Kulle kuma ba ya gyara sakaci. A watan Maris na 2025 manyan jami'an tsaron Amurka suna tattauna harin da za su kai Yemen a wani zauren Signal, aka jefa editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, cikin zauren bisa kuskure, ya karanta komai. A kunna amincewar shugaban zaure kafin kowa ya shiga ta mahaɗi, a kuma riƙa duba jerin sunaye. Haka idan wayar ce aka shiga, kamar yadda manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta kamfanin NSO ta kai wa kimanin mutum 1,400 hari ta kiran WhatsApp a 2019, ana karanta saƙo ne bayan an buɗe shi a allo, ko wace manhaja ce. Kariyar da ke hannun mutum a nan ita ce sabunta waya da manhaja duk lokacin da sabuntawa ta fito.

Wanda ya ƙudura barin WhatsApp gaba ɗaya ya sani cewa cire manhajar daga waya ba ya rufe asusu. Sunansa da hotonsa suna nan, yana nan a zauruka, mutane suna ta aiko da saƙon da ba ya isowa. Ya fara neman rahoton bayanan asusunsa a sashen Account, yana ɗaukar kamar kwana uku. Ya miƙa shugabancin zaurukan da yake riƙe da su, ya adana takardu da hotunan da yake buƙata, ya sanar da jama'a inda za a same shi, sannan ya danna Delete account. Wannan yana fitar da shi daga duk zauruka ya goge ajiyarsa ta Google Drive, kamfanin kuma ya ce share sauran bayanan na iya kai kwana 90. Saƙonnin da ya riga ya aika suna nan a wayoyin waɗanda suka karɓa, lambarsa kuma tana nan a jerin lambobin duk wanda ya ajiye ta.

Wanda zai yar da layi ya fi kowa buƙatar kula, domin kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. WhatsApp tana share tsohon bayanin asusu ne idan ya yi kwana 45 ba a taɓa shi ba sannan aka kunna lambar a wata waya, amma dangi da abokan ciniki da ke da tsohuwar lambar za su ci gaba da aika wa baƙo saƙo suna zaton kai ne. Kafin layin ya mutu, a yi amfani da zaɓin sauya lamba da ke cikin WhatsApp da Signal da Telegram, tun tsohon asusun yana hannu, a bar manhajar ta sanar da zauruka, sannan a je banki a cire tsohuwar lambar daga asusu da BVN.